Yadda A Ke Ciyar Da Asibitocin Landan A Zamanin Dā

'Yan'uwa, a wannan biki mu na tuna asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da likitocin da suka yi aiki a cikinsa. Amma ba kasafai mu kan tambayi inda kuɗin irin wannan aiki ya ke fitowa ba. Bari mu duba yadda mutanen birnin Landan na ƙasar Ingila suka yi fama da wannan tambaya tun kafin zamaninmu.

A dā can, gidajen sufaye ne ke riƙe da asibitoci. An kafa asibitin Bartalamawus Mai Tsarki a 1123, ana ciyar da shi da kuɗin haya na gonaki da gidaje waɗanda masu hali suka bari wasiyya. Sa'ad da Sarki Henri na 8 ya rushe gidajen sufaye tsakanin 1536 da 1540, ya kwashe dukiyarsu, sai marasa lafiya suka cika tituna. Dattawan gari suka yi ta roƙonsa. A ƙarshen 1546, ana gab da mutuwarsa, ya yarda ya ba birnin asibitin, tare da dukiyar da za ta kawo wajen fam 333 kowace shekara, da sharaɗin su ma mutanen gari su kawo daidai wannan.

To, a nan wahala ta taso. Da fari sun dogara ga baikon ranar Lahadi a majami'u, amma bai isa ba. Saboda haka a 1547 majalisar birni ta aza wa mazauna haraji domin matalauta. Abin da hannu ya ƙi bayarwa da yardar rai, sai doka ta karɓa. A 1552 kuma Bishop Ridli ya yi wa'azin jinƙai a gaban Sarki Edwad na 6, yaron kuwa ya ji, ya ba asibitin Toma Mai Tsarki dukiya a 1553.

Labarin Tomas Gai shi ne ya fi ba mu tunani. Mai sayar da littattafai ne, ya fara arziki da cinikin Littafi Mai Tsarki. Daga baya ya zuba kuɗi a Kamfanin Tekun Kudu, ya sayar da rabonsa a 1720 kafin kamfanin ya faɗi, ya sami riba mai yawa ƙwarai. A 1721 ya soma gina asibiti domin waɗanda sauran asibitoci suka ƙi karɓa, wai ciwonsu ba ya warkewa. Da ya mutu a 1724 ya bar masa fiye da fam 200,000. Amma fa kamfanin nan ya na cinikin bayi, ya na kwasar mutanen Afirka zuwa Amurka. Mu da aka kwashi 'yan'uwanmu ba za mu iya tsallake wannan ba: gadon da matalaucin Landan ya kwanta a kai, akwai hawayen bawa a cikin kuɗinsa.

Akwai wata hanya kuma. A 1719 waɗansu mutane suka kafa ƙungiya a Wesminista, kowa ya yi alkawarin abin da zai riƙa bayarwa kowace shekara, asibitoci da dama suka bi sawunsu. Aibinta ɗaya ne: mai bayarwa ne ke da ikon ba majiyyaci takardar shiga. Wanda bai san wani babba ba, sau da yawa a bakin ƙofa ya ke tsayawa.