Yadda Muka Koya Wa Ƙaramar Aisi Ƙirga Abin da Ya Fi Ta Gudu

A farkon shekarun 1950 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da na'urar 524A, mai ƙirga bugun sigina har miliyan 10 a sakan ɗaya, wato megahaz 10. Jibgegen akwati ne cike da kwalaben bawul, sai gidajen rediyo da manyan ɗakunan bincike ke iya sayensa. Mai haɗa rediyo a ɗakinsa kuwa, allurar dayal da kunnensa ne madogararsa. A shekarun 1970 an samu sauƙi da aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, irin su 7490, amma sai ka jera su rututu a kan allo, ka sha dalma har ka gaji, kafin lamba ta fito.

Abin da ya sauya mana sana'a ya zo ne daga kamfanin Microchip. A 1993 ya fitar da PIC16C84, 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da za ka rubuta mata umarni, ka goge, ka sake rubutawa ba tare da fitila ta musamman ba. A shekarun nan ne kuma ya wallafa wata takardar bayani mai lamba AN592, wadda ta nuna yadda PIC za ta ƙirga har megahaz 50. Wanda ya san aisin zai yi mamaki, domin idan ka sa mata kiristal na megahaz 4, umarni miliyan ɗaya kacal take zartarwa a sakan. Ta yaya za ta bi sawun abin da ya ninka ta sau hamsin?

Ba ta bin sawunsa ko kaɗan. A bakin ƙafar da sigina ke shiga akwai wani sashe mai rabawa, wanda ba ya jiran agogon aisin, da bugun waje yake tafiya. Yana tara bugu 256 kafin ya miƙa ɗaya ga ma'ajin ƙirga na ciki. Matsalar ita ce ba a iya karanta ragowar da ta maƙale a cikin mai rabawar idan lokacin awo ya cika. Sai aka yi dabara: a rufe ƙofar sigina, aisin ta riƙa tura bugu da kanta ta wata ƙafar, ɗaya bayan ɗaya, har ma'ajin ciki ya motsa. In ta tura 56, to 200 ne ke ciki. Kamar mudu ne da aka hana ka leƙawa, sai ka riƙa zuba hatsi da ludayi har ya cika, ka gane abin da ke ciki tun farko. Har yau ban ga dabarar da ta burge ni kamar wannan ba a duk harkar.

Masu sha'awar rediyo suka ɗauke ta suka yaɗa. Fitacce cikin masu gina na'urar ƙirga da PIC shi ne Bajamushe Wolfgang Büscher, mai lambar kira DL4YHF, wanda ya gina tasa a kan PIC16F628. Ƙananan allunan nan masu lambobi biyar da ake kawowa daga Sin a leda, kowa ya haɗa da hannunsa, tsarinsa ne suka kwafa. Mai son wuce megahaz 50 kuma sai ya sa wata aisi mai rabawa a gaba, irin MB506 ta Fujitsu, ko ya ciro ɗaya daga tunar tsohuwar talabijin.

Sannan Arduino ya zo daga garin Ivrea na Italiya a 2005, Uno ya biyo baya a 2010. Ya shigo da dubban mutane cikin sana'ar, kuma ina murna da hakan. Amma a fagen awon sigina mai sauri, baya aka koma. Aisin ATmega328P da ke kan Uno tana gudu a megahaz 16, sai dai ƙafarta ta ƙirga tana jiran agogon ciki, shi ya sa takardar masu ƙera ta ta ba da shawarar kada a wuce agogon a raba shi biyu da rabi, wato megahaz 6.4. Sabon shiga ma ba nan yake farawa ba. Umarnin analogRead yake kira, wanda ke ɗaukar awo kusan 9,600 a sakan, alhali ƙa'idar Nyquist ta ce dole awo ya zarce ninki biyu na abin da ake aunawa. Ya ba shi megahaz ɗaya, lambobi su fito tsaf a allo, ya ɗauka gaskiya ne. Ga kuma agogon: wanda ke tafiyar da ATmega a kan Uno na yumbu ne, kuskurensa kan kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kilohaz 25 ke nan a megahaz 5. Ko kiristal na gaske, ka ɗora yatsa a kansa a na'ura mai lambobi takwas, za ka ga lambar ƙarshe tana zamewa saboda ɗumin jikinka. Shi ya sa masu son daidaito suke ɗaure awonsu da bugun GPS na sakan-sakan.

Raspberry Pi Pico na Janairun 2021, mai dala 4, ya dawo da wani abu na tsohon tunanin da sashensa na PIO, wanda ke lura da ƙafafu ba tare da damun babbar ƙwaƙwalwar ba. Wanda ya fi kai dabarar auna sigina mai sauri da ƙaramar aisi nesa, a ganina, shi ne NanoVNA, da wani ɗan Japan mai laƙabin edy555 ya ƙera a kan ƙwaƙwalwar STM32. A cikinsa, aisin Si5351 na samar da sigina biyu masu tazarar kilohaz 5, a gauraya su, abin da ya fito ya sauko zuwa zangon sauti, sai aisin sauti ta karanta shi. Da haka na'urar da ke shiga aljihun riga take auna eriya har megahaz 300, waɗanda suka biyo baya a 2019 kuma suka kai 900.