Daga masoro zuwa attaruhu: tarihin abin da ke kan tirenmu

Da yawa daga cikinmu a kan tiren kayan miya muka tashi, a kansa muka aurar da 'ya'ya, amma sai da muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka san cewa barkono baƙo ne a ƙasar Hausa. Ranar da malamarmu ta faɗa, dariya muka yi mata. Wai miyar Kano babu barkono? Ashe gaskiyarta. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 Turawan Fotugal suka kawo irinsa gaɓar tekun Afirka, daga can ya biyo fatake har ya iso mana. Ke nan lokacin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi babu ko ƙwayar attaruhu a cikinta. Masoro da kimba da citta su ne yajin kakanninmu, shi ya sa har gobe ba a haɗa yajin mai jego babu su.

Fagge tun asali zangon baƙi ce, nan ayarin raƙuma daga arewa ke sauke kaya a wajen ganuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari bayan 'yan shekaru, sai baƙin suka sake launi. Yarbawa da Inyamurai suka zo da nasu bakin, Kwarori suka zauna wajen Kantin Kwari, Turawa suna can Nassarawa suna neman latas da kabeji da karas. Ku saurari yadda Yarbawa ke cewa ata rodo, ku ji ko bai yi kama da attaruhunmu ba. Masu lambu a bakin Jakara suka koyi shuka ganyen da ba a dafawa, iyayenmu mata suka koyi sayar da shi ga mutanen da ko yarensu ba sa ji.

Mu dai ba a koya mana cin ɗanyen ganye ba, muna da lansir. Irinsa ja ne, ƙanana, shi ne algarif ɗin da masu kayan ƙamshi ke sayarwa. A watsa shi a ƙasa mai laima lokacin sanyi, kafin sati uku an fara yanka. A haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan man gyaɗa, wallahi salak ɗin otal bai kama ƙafarsa ba. Amma yau yarinya za ta zo ta ce a ba ta kokwamba, ga gurji a gabanta ba ta san sunansa ba.

Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, shi ya canza sana'armu. Noman rani ya buɗe a Kadawa da Kura, kaya suka riƙa kwarara 'Yankaba da asuba, muna saro tattasai da shambo ɗanye a watannin da a da sai busasshe. Busasshen tattasai mai kyau kuwa, na Diffa ne a Nijar, kowa ya sani. Shekarar 2016 ba za mu manta ba. A watan Maris gobara ta cinye kasuwar Sabon Gari, sannan tsutsa ta faɗa wa tumatir a gonaki. Wasu cikinmu adashen ƙungiya da barkonon da suka shanya a gida ne suka riƙe su.

Abin da ke damunmu yanzu iri ne. Da can mace takan zaɓi attaruhun da ya fi nuna, ta tsaga, ta shanya 'ya'yan a inuwa, ta gauraya da toka ta zuba a kwalba. Yanzu kowa sai irin gwangwani. Yana yin 'ya'ya manya, ba ma musu, amma irin aure ne, in kika ɗebi 'ya'yansa kika sake shukawa ba zai fito kamar uwarsa ba, dole ki koma shago. Mun taɓa haɗa kuɗi muka saya wurin wani dillali, rabinsa bai ko tsiro ba, da muka koma ya ce ƙasarmu ce ba kyau. Shi kuwa tsiduhu, ɗan ƙaramin nan mai zafin bala'i da iyayenmu ke shukawa a bayan ɗaki, sai ki zagaya layi guda ba ki same shi ba.

Don haka ranar bikin nan za a ajiye tebur a bakin ƙofa. Duk wadda ke da tsohon iri a gida, na tsiduhu ko lansir ko gurji ko yakuwa, ta ƙulle kaɗan a takarda ta zo da shi. Mu 'yan aji za mu rubuta sunan irin da garin da aka samo shi a jikin kowane ƙulli, sai a raba wa masu fili ko buhun ƙasa a tsakar gida kafin sanyi ya shigo.