Makarancin Ƙasar Tambuwal da Littafin da Ake Ɓoyewa

Ƙasar Tambuwal, inda Jabo take, ta san littafi tun kafin zuwan boko. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya zauna a Tambuwal, malami ne kuma mawaƙi. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura mata masu laƙabin jaji ƙauyuka da waƙoƙinta domin karantar da mata 'yan taru. Karatu a wancan zamani abin taro ne: ɗaya na rerawa, saura na saurare, a yi tambaya, a yi gardama.

Ƙagaggen labari ya zo ya tarar da wannan ɗabi'a. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, amma waɗannan makaranta ce ta damƙa su a hannun yara. Littafin da budurwa za ta saya da kuɗinta sai a shekarun 1980 ya bayyana. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Galibi daga Kano littattafan ke fitowa, 'yan kasuwa su kai su Sakkwato da garuruwan kan hanya. Wanda ba ya iya saye ya ɗauki haya, kwafi ɗaya ya zagaya gidaje har bangonsa ya cire.

A nan ne makaranci ya samu murya, kuma wannan shi ne ɓangaren tarihin da ake yawan tsallakewa. Marubutan kan sa adireshinsu a cikin littafi, daga baya lambar waya. Wasiƙu suka riƙa kwarara: wata ta ce labarin auren dole nata ne sak, wani ya yi tir da yadda aka wulaƙanta uba, wata ta roƙi kada a kashe tauraruwar a kashi na biyu. Da yake kashi-kashi littattafan ke fitowa, marubuci ba ya iya toshe kunne. Malaman jami'a ma sun shiga, inda Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya musu a shafukan jarida.

Babu abin da ya tayar da ƙura kamar zancen maɗigo da luwaɗi. Matsayin Lover na Alkhamees Bature Makwarari ya sha suka saboda ya taɓo maɗigo. Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, kuma a 2007 gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun 'yan makaranta mata. Iyaye da yawa sun yi murna, don tsoronsu kan tarbiyya na gaskiya ne. Sai dai wuta ba ta tambayi yarinyar abin da ta fahimta ba, kuma wannan asara ce babba ga al'ummar da ta gaji karatun taro.

A Turanci ma batun ya iso Sakkwato. Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015, ya bi almajiri Ɗantala zuwa wani masallaci a birnin, inda ya riski wasu samari biyu suna luwaɗi, abin ya tsaya masa a rai. A shekarar ce Chinelo Okparanta ta fitar da Under the Udala Trees, labarin soyayyar mata biyu a ƙasar Ibo, shekara guda bayan Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. A jihar Sakkwato da ke bin shari'a tun 2000, wanda ya karanta irin waɗannan ba kasafai yake faɗin ra'ayinsa a majalisa ba.

Yau littafin ya koma cikin waya. Matan Jabo na iya samun sabon babi ta WhatsApp ko Wattpad a ranar da aka rubuta shi, su mayar wa marubuciya martani nan take, yabo ko tsinuwa. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta ƙara fito da mata marubuta, da yawansu kuwa a matsayin makaranta suka faro.