Yadda Coca-Cola ta ɗanɗana wa mutum kusan 200,000 kuma ta sha ƙasa

1/ Jama'a, zaren yau kan ranar 23 ga Afrilu 1985 ne, ranar da kamfanin Coca-Cola ya canza ɗanɗanon lemonsa bayan shekara 99. Ba da ka suka yi ba, sai da suka ɗanɗana wa mutum kusan 200,000. Kwana 79 kacal aka yi suka dawo da tsohon. Ku biyo ni.

2/ Pepsi ce ta tayar da ƙurar. A 1975 ta fara Pepsi Challenge a Dallas, Amurka: kofi biyu babu suna, ka kurɓa, ka nuna wanda ya fi maka. Mutane da yawa Pepsi suke nunawa, don ta fi zaƙi. Coca-Cola ta yi nata gwajin a ɓoye, sai ta ga ashe haka ne. Ga kasuwa kuma tana zame mata a manyan kantuna.

3/ Kafin mu ci gaba, wannan gwajin kofi yana da kaka. A shekarun 1920, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wata masaniya, Muriel Bristol, ta ce tana gane shayin da aka fara zuba wa madara da wanda aka zuba daga baya. Ronald Fisher ya tsara mata gwaji: kofi 8, huɗu haka, huɗu haka, a cakuɗe.

4/ Dabarar Fisher ita ce ka fara da zaton cewa ba ta iya ba, canke kawai take yi. In canke ne, damar ta dace a duka kofunan 1 ce cikin 70. To in ta dace, sai ka zaɓa: ko sa'a ce mai wuyar faruwa, ko zaton naka ne bai tsaya ba. Wannan shi ne gwajin zato, ya rubuta shi a littafinsa na 1935.

5/ A 1937 Jerzy Neyman, ɗan Poland, ya kawo tazarar tabbaci. Maimakon ka ce "kashi 55 sun fi son sabo", sai ka ce "tsakanin 52 da 58". Ma'anar kashi 95 ɗin da ake liƙa mata kuwa: in aka maimaita binciken sau 100 da sababbin mutane, kusan tazara 95 za su kama ainihin adadin. A aji nan ne muke yawan zamewa a jarrabawa.

6/ Yanzu ku duba ƙarfin lambar Coca-Cola. In ra'ayi ya kusa rabuwa biyu, mutum 1,000 suna ba ka kuskuren maki 3 sama ko ƙasa. Mutum 10,000, maki 1. Mutum 200,000 kuwa kusan 0.2. Wato da irin wannan taro, ko ɗan fifiko ƙarami ba za a ce sa'a ba ne.

7/ Sabon haɗin, mai zaƙi da laushi, ya doke tsohuwar Coke a gwajin, ya doke Pepsi. Kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 4 kan binciken. Shugabansa Roberto Goizueta ya fito a New York ya sanar da sauyin cike da yarda da kai. Ita kuwa Pepsi sai ta ba ma'aikatanta hutun kwana ɗaya, wai ta ci yaƙi.

8/ Sai waya ta fara ƙara. Zuwa Yuni kiran ƙorafi ya kai kusan 1,500 a rana, a da bai wuce 400 ba. Mutane suka riƙa sayen katan-katan na tsohuwar suna ɓoyewa. Wani mutumin Seattle, Gay Mullins, har ƙungiya ya kafa ta masu shan tsohuwar.

9/ To ina aka samu matsala? A nawa ganin lissafin bai yi ƙarya ba. Tazarar tabbaci abu ɗaya take aunawa: rawar da sa'a ta taka wajen waɗanda ka ɗebo ka tambaya. Ba ta san me ka tambaye su ba. In tambayar ta karkace, ƙara mutane ƙara maka tabbaci kawai zai yi a kan karkatacciyar amsa.

10/ An tambayi mutane wanne ya fi daɗi a baki. Ba a fito fili an gaya wa yawancinsu cewa za a ɗauke tsohuwar gaba ɗaya ba, don kamfanin yana ɓoye shirin. Tambayoyi biyu ne daban. Kana iya cewa miyar gidan abinci ta fi ta Mama daɗi a loma ɗaya, amma a ce maka daga yau an soke ta Mama har abada? Haba.

11/ Akwai kuma batun kurɓa. Malcolm Gladwell ya kawo shi a littafinsa Blink na 2005: abu mai zaƙi yakan ci gwajin kurɓa ɗaya, amma shan gwangwani guda a gida wata magana ce.

12/ Abin da ya fi ba ni mamaki, alamar ta bayyana tun da wuri. A ƙananan zaman tattaunawa da kamfanin ya shirya, wasu 'yan tsiraru sun fusata da jin za a taɓa Coke, kuma fushinsu yana jan sauran mutanen ɗakin. Aka ɗauke shi hayaniya, aka bi babbar lamba. Gwajin kofi yana ɗaukar kowa shi kaɗai ne, ba ruwansa da na kusa da shi. A gari kuwa mutum yana jin maƙwabci, yana karanta jarida, ra'ayi yana yaɗuwa.

13/ Ranar 11 ga Yuli 1985 aka sanar da dawowar tsohuwar da sunan Coca-Cola Classic. Tashar ABC ta katse wasan kwaikwayon da take nunawa don Peter Jennings ya ba da labarin. Ciniki ya farfaɗo har wasu suka ce da gangan aka shirya komai. Donald Keough, na biyu a kamfanin, ya musanta: ya ce wautarsu ba ta kai haka ba, wayonsu ma bai kai ba.

14/ Ita New Coke ba a kashe ta nan take ba. An sauya mata suna zuwa Coke II, ta yi ta ja da baya har aka daina yin ta a 2002. A 2019 aka sake fito da ita na ɗan lokaci don tallar shirin Stranger Things na Netflix, wanda labarinsa a wannan zangon ya faru a 1985.