Asalin Muƙamin Bishop na Dover

Dover gari ne na bakin teku a kudu maso gabashin Ingila, a daidai inda ruwan da ya raba ƙasar da Faransa ya fi tsukewa, kuma da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin tsofaffin muƙaman mataimakan bishop a Cocin Ingila, wato uwar cocin Angilikan. Mataimakin bishop cikakken bishop ne wanda aka keɓe kamar kowane bishop, yana iya naɗa limamai da tabbatar da masu bi, sai dai ba shi da dayosis nasa na kansa, wato yankin majami'u da bishop ɗaya ke shugabanta, saboda haka yakan yi aiki ne a ƙarƙashin mai yankin. Shi na Dover yana ƙarƙashin Babban Bishop na Kantabari, wanda kujerarsa ta samo tushe tun zuwan Augustine, wanda ya fara riƙe ta, ƙasar a shekarar 597.

Har zuwa farkon ƙarni na 16, idan wani bishop a Ingila ya bukaci mataimaki, Paparoma ne ke ba mataimakin laƙabi, kuma galibi sunan wani tsohon birni ne na Gabas wanda ya daɗe ba shi da bishop ɗin Roma a cikinsa, ta yadda mutum kan ɗauki sunan garin da bai taɓa gani ba. Da Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Paparoma a kan batun rabuwa da matarsa, sai wannan hanya ta toshe, domin haka a shekarar 1534 majalisar dokoki ta kafa doka wadda ta jera garuruwa 26 na cikin ƙasar, har da Dover, da za a riƙa laƙaba wa mataimakan. Dokar ta ce bishop mai bukata ya miƙa wa sarki sunayen mutum biyu, sarki ya zaɓi ɗaya. Ke nan asalin muƙamin yana cikin siyasar fada ne, domin abin da aka nema shi ne kada a sami sauran wani naɗi da zai fito daga Roma.

Mutanen farko da suka riƙe shi sun nuna irin zamanin da aka haife shi a ciki. Richard Yngworth, wanda aka keɓe a 1537, shi kansa ɗan zuhudu ne na ɗarikar Dominikan, amma shi Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki, ya tura gari gari a 1538 yana karɓar gidajen 'yan'uwansa masu zuhudu yana rufewa, yana ƙirga ƙararrawa da darmar rufin ɗakuna da kwanonin azurfa domin baitulmalin sarki. Wanda ya gaje shi, Richard Thornden, ya bi sabon tsari a zamanin Henry da ɗansa Edward, sa'an nan da Sarauniya Mary ta mayar da ƙasar ƙarƙashin Paparoma sai ya juya, har ya zauna cikin masu shari'ar Furotestan da aka ƙona a Kantabari. Abu ne mai ɗaci a ce hannun da aka keɓe domin kiwon jama'a ya shiga irin wannan aiki. Na uku, Richard Rogers, ya hau a 1569 zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, kuma da ya rasu a 1597 ba a naɗa kowa ba.

Muƙamin ya kwanta shekara 273, ko da yake ba a soke dokar ba. Abin da ya tashe shi shi ne yawan jama'a da ya ƙaru a ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka cika garuruwa har aikin ya fi ƙarfin bishop ɗaya. A 1870, lokacin da Babban Bishop Archibald Tait ke fama da rashin lafiya, aka keɓe Edward Parry, ɗan shahararren matuƙin jirgin ruwan nan da ya binciki tekun ƙanƙara na arewa, ya zama Bishop na Dover, kuma tun daga ranar ba a sake barin kujerar ta mutu ba.

Nauyin da ke kan wannan muƙami a yau ya wuce abin da sunansa ke nunawa. Babban Bishop na Kantabari yana zaune ne galibi a fadar Lambeth da ke Landan, yana da kujera a majalisar dattawa, kuma shi ne jagoran Angilikan na duniya, saboda haka ba ya samun sukunin zagaya majami'un gabashin Kent, inda Dover da Kantabari suke. Tun daga 1980, zamanin Richard Third, aka damƙa wa Bishop na Dover gudanar da harkokin yankin na yau da kullum, kamar yadda wakili ke riƙe gari idan sarki ya yi nisa, har aka ƙara masa laƙabin Bishop a Kantabari. Bayan Third sai Richard Llewellin a 1992, Stephen Venner a 1999, da Trevor Willmott a 2010.

A watan Nuwamba na 2019 aka keɓe Rose Hudson-Wilkin a majami'ar Saint Paul da ke Landan, ta zama baƙar fata mace ta farko da ta kai matsayin bishop a Cocin Ingila. An haife ta a Jamaika a 1961, kuma kafin naɗinta ita ce limamiyar Kakakin Majalisar Wakilai tun 2010. Yankin da take kula da shi ya haɗa da gaɓar da ƙananan kwale-kwale ke sauke masu neman mafaka daga Faransa, kuma ta sha fitowa fili tana kira da a dube su a matsayin mutane masu daraja. Da Babban Bishop Justin Welby ya sauka daga kujerar Kantabari a watan Janairu na 2025, ita ce ta ci gaba da riƙon majami'un yankin.