Mari da Sana'a

Tun zamanin kakanni, in yaro ya kangare a ƙasar Hausa, ko hankalinsa ya taɓu, hanya biyu iyaye suka sani. Ta fari, a kai shi gidan mari, a sa masa ƙarfe a ƙafa, a yi ta ba shi rubutu har Allah ya kawo sauƙi. Ta biyu, a damƙa shi ga mai sana'a, maƙeri ko majemi ko masaƙi, a ce, "Ga ɗanka nan, ka riƙe." Yaron da ba ya iya zama wuri guda sai a ba shi zugazugi. Tun yana zuga da fushi har ya san lokacin da ƙarfe ya nuna, har ran da zai ƙera lauje da hannunsa a kai kasuwa a saya. Magabata ba su kira wannan magani ba, amma sun lura wanda ya wuni a maƙera yakan yi barci da dare, faɗansa kuma ya ragu.

Da Turawa suka zo, hanyar fari suka soma bi. Aka buɗe gidan mahaukata a Kalaba cikin 1904, da wani a Yaba ta Ikko cikin 1907, aka kafa doka cikin 1916. A Arewa kuwa En'e ke tsare irin mutanen nan, galibi a wani sashe na gidan yari. Abin mamaki, a can ƙasarsu an daɗe da gane wata hanya. Tun 1796 wani Bature, William Tuke, ya buɗe gida a birnin York na Ingila inda aka daina ɗaure majinyata da sarƙa, aka sa su aikin lambu da ɗinki. Cikin 1917 masu yin magani da aikin hannu suka kafa ƙungiyarsu a Amurka.

Wanda ya fito da abin fili a Nijeriya shi ne Likita Adeoye Lambo, mutumin Abekuta. Da ya komo daga karatu a Ingila, aka ba shi asibitin Aro cikin 1954. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki, ana biyan kuɗin ɗaki. Kowane majinyaci yana tare da wani nasa, uwa ko ƙane ko inna, mai dafa masa abinci. Da safe ya tafi asibiti ya karɓi magani, sa'an nan ya shiga aiki, ko gona ko sana'ar hannu, da maraice ya zauna cikin mutane. Har masu maganin gargajiya Lambo ya jawo cikin aikin, abin da wadansu likitoci suka yi ta gunaguni a kansa. Labarin Aro ya gama duniya, shi kuwa daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

To, me ya sa aiki ke magani, musamman ga yara? Masana sun ce yaron da tsoro ko baƙin ciki ya cika masa zuciya sau da yawa ba ya iya faɗa da baki, amma hannunsa yana iya yin wani abu. Sai a tsara masa yini, lokacin tashi da na ci da na aiki da na wasa, domin ga ƙaramin yaro wasa shi ne aikinsa. A ba shi abin da zai iya gamawa yau, gobe a ƙara masa kaɗan, kuma a sa shi cikin tsararsa, kada ya kaɗaita. Watau dai abin da maƙeri ke yi ne, sai dai nan da lissafi ake yinsa, likita yana dubawa.

A Kaduna an buɗe gidan horon matasa na Kakuri cikin 1962, ana koya wa yara masu laifi kafinta da ɗinki da gini. Niyya ta yi kyau, amma sana'ar da aka koya bayan katanga, nesa da dangi, ba ta kai ta Aro albarka ba. Asibitin masu taɓin hankali na Barnawa ya biyo baya cikin 1975. Duk da haka mari bai mutu ba. Cikin Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara ne, wadansu da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san wata ƙofa ba. Sai cikin Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958.

Yanzu a dubi ƙasar Birnin Gwari. Shekara da shekaru 'yan bindiga na cikin dajin Kamuku da Kuyambana sun addabi garuruwa irin su Kakangi. Manomi bai isa ya je gonarsa ba sai ya biya, makarantu da yawa sun rufe. Ranar 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, aka komo da 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Yaran ƙasar nan an haɗa musu asara biyu: an cusa musu tsoro, an kuma raba su da gona da kiwo da makaranta, abubuwan da dā su ne za su ɗauke musu hankali daga tsoron. Cikin Nuwamba 2024 gwamnatin Kaduna ta yi sulhu da wadansu daga cikin mutanen daji, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Amma yaron Kakangi da ke firgita cikin barci, in za a kai shi Barnawa, sai an fara fito da shi Birnin Gwari, sa'an nan a yi tafiyar fiye da kilomita 100, a kan hanyar da ta bi ta Kuriga.