Itacen Baka a Ƙasar Gombe

Ranar 27 ga Yuli, 1903, aka gwabza a Bormi, kusa da Bajoga. A nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, a nan kuma kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa. Masu tarihi sukan ambaci sunayen nan biyu su wuce. Ni kuwa hankalina yana kan mutumin da ya shiga daji ya saro itacen bakan da aka harba kibiyar da shi.

Tun da Modibbo Buba Yero na Gombe ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 'yan baka ne mafi yawan dakaru. Doki sai mai hali; talaka kam baka da kwari ne. Mutanen duwatsun Tangale da Tula ma da kibau suka riƙa tare mahaya.

Kakana maharbi ne, kuma ban taɓa ganin ya auna baka da awon bature ba. Ma'auninsa tsohon bakan mahaifinsa ne, wanda ya yi baƙi ƙirin don mai da hayaƙi. Dargaza yake nema, don tana lanƙwasuwa ba ta karyewa. Gora kuwa mu yara yake yi wa da ita. Sai da rani yake sara, lokacin da ruwan itace ya ja baya. Reshe mai ƙulli ko hudar ƙwaro, kome kyansa, jefarwa yake yi. Ya fere, ya shanya a inuwa, don rana tsaga shi take. Sannan ya gasa bisa garwashi, ya shafa man kaɗe, ya dafa da gwiwa, ya jera shi da tsohon bakan. In bai hau ba, a koma wuta. Tsirkiya ta fata ce, kyauro daga fadama, kan kibiya aikin maƙeri. Dafin ƙwanƙwani kuwa ko kusa ba a barin yaro.

Da sarauta ta dawo Gombe Doma a 1919, daji na bakin gari. Daga 1996 da aka yi jiha, gidaje da gonaki sun cinye shi, mai neman dargaza sai ya yi tafiya. Tsofaffin maharba suna ƙarewa, jama'a. Wanda nasa ke raye, ya bi shi daji ya koyi sanin itace tun yau.